Tafiyata Zuwa Simon's Town, Garin Sojan Ruwa na Afirka ta Kudu

Na tashi daga Kano a cikin watan Agusta, lokacin da makarantu suke dogon hutu kuma damina ta kankama, da niyyar ziyartar ƙanena da ke karatu a Cape Town. Neman biza ya ci takardu da haƙuri, amma tafiyar kanta ba ta yi wahala ba: daga Kano zuwa Legas, daga Legas jirgin dare ya kai mu Johannesburg cikin kimanin awa shida, sannan wani ya ƙarasa da mu Cape Town cikin awa biyu. A Johannesburg jami'in shige da fice ya nemi katin rigakafin shawara kafin ma ya buɗe fasfo, ya tambayi inda zan sauka da ranar komawata, sannan ya buga hatimi. Da na fito fili sanyi ne ya fara yi mini maraba, domin Agusta tsakiyar hunturunsu ne, kuma sanyinsu ba busasshe ba ne irin namu, jiƙaƙƙe ne mai tafe da iska da yayyafi, wanda babbar riga ba ta yi masa komai.

Da yake koyar da tarihi ne sana'ata, ƙanena ya ce mini: "Yaya, kowa ya zo nan sai ya hau Dutsen Tebur ya ɗauki hoto, amma kai wurin da zai fi yi maka amfani shi ne Simon's Town." Ƙaramin gari ne a bakin teku, kimanin kilomita 40 kudu da Cape Town, kuma nan ne babban sansanin sojan ruwan ƙasar. Muka shirya kwana ɗaya a can.

Jirgin ƙasa muka shiga da sassafe daga babbar tashar birni, kuɗin tikitin mutum ɗaya bai kai rand ashirin na kuɗin ƙasar ba. Rabin farko na hanyar unguwanni ne kawai, babu abin faɗa. Daga Muizenberg ne layin dogo ya fito gaɓar teku, daga nan kuma har ƙarshe dutse yana dama, ruwa yana hagu, a wasu wuraren ma igiyar ruwa tana watso feshi har jikin taga. Mun wuce St James da 'yan ɗakunansa na katako masu launi kala-kala, muka wuce Kalk Bay inda kwale-kwalen masunta ke ɗaure, sannan Fish Hoek. A wannan gaɓar ce sojojin Birtaniya suka bi a 1795, bayan sun sauka a Simon's Town, suka kori 'yan Holan daga Muizenberg a ranar 7 ga Agusta, abin da ya buɗe musu hanyar karɓe Cape karo na farko. Abin da na yi ta lura da shi, a matsayina na wanda ya saba da hanyar Kano zuwa Kaduna, shi ne titin mota da ke tafe kafaɗa da kafaɗa da dogon: tun daga birni har ƙofar garin da ke ɗauke da jiragen yaƙin ƙasa, ban ga shinge ko ɗaya ba, ban ga ganga ko buhun yashi a tsakiyar hanya ba. Wannan ba ya nufin ƙasar ta rabu da matsalar tsaro, domin ƙanena ya gargaɗe ni tun a tasha cewa kada in riƙe waya a hannu, kuma gidajen da muka wuce kusan duk suna da wayar lantarki a kan katanga. Tsaronsu a jikin gida yake, namu a kan hanya.

Garin doguwar siririyar hanya ce guda ɗaya mai suna St George's, wadda dutse ya matse ta daga sama, katangar sansanin soja ta matse ta daga ƙasa, da tsofaffin benaye masu baranda jere a gefe guda. An raɗa masa sunan Simon van der Stel, gwamnan kamfanin kasuwancin Holan wanda ya auna mashigin a 1687. Dalilin kafuwarsa kuwa iskar da muke fama da ita a ranar ce: a lokacin hunturu guguwar arewa maso yamma takan farfasa jiragen da suka yi anga a gaban Cape Town, shi ya sa a 1743 kamfanin ya mayar da wannan lungu mai kariyar dutse mafakar jiragensa ta hunturu. Turawan Ingila suka mai da shi sansanin sojan ruwansu a 1814, suka zauna har 1957, lokacin da suka miƙa shi ga Afirka ta Kudu bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a 1955.

Mun kama ɗaki a wani ƙaramin masauki a saman tudu, a kan kimanin rand 900 har da karin kumallo. Hawa zuwa wurin ta matattakalar dutse ya kusa ɗauke mini numfashi. Mai gidan, wata dattijuwa, ta ba mu bargo biyu-biyu da robar ruwan zafi ta sawa cikin shimfiɗa, sannan ta ja mana kunne cewa kada mu bar taga a buɗe idan za mu fita, saboda gwaggon biri da ke saukowa daga dutse su shiga kicin su buɗe firji. Na ɗauka raha ce, sai da yamma na ga ma'aikata sanye da riguna masu ƙyalli suna kora wani garke daga bakin titi, ashe aikin da ake biyansu albashi a kansa ke nan.

Gidan tarihin sojan ruwa yana kan wannan babbar hanya, a cikin tsohon ginin ma'aikatar jirage. Wani matashin sojan ruwa a ƙofa ya ba mu littafi muka rubuta suna da ƙasa, ya ce shiga kyauta ne sai dai wanda ya so ya jefa wani abu a akwatin gudummawa, ya kuma roƙi kada mu ɗauki hoton ɓangaren da jiragen yaƙi ke tsaye. Iyakar binciken ke nan. Na tuna yadda farar hula a gida yake rage murya da tafiya idan ya doshi ƙofar bariki, ga shi nan 'yan makarantar firamare suna shiga a guje suna taɓa igwa.

Ginin kansa abin kallo ne. An yi shi a farkon ƙarni na 19 domin ajiye dogayen sandunan da ke riƙe filafilan jirage, shi ya sa zauren ƙasa ya yi tsawo ainun, benen sama kuma nan ne ake shimfiɗa filafilan a ɗinke su. Wani sashe na benen an mayar da shi cocin ma'aikatan tasha tun a wancan zamani, kuma har yanzu yana nan. A cikin zauren akwai nakiyoyin ruwa masu ƙahoni, da dogayen makaman nan masu gudu a ƙarƙashin ruwa da ake kira tofido, wasu an tsaga cikinsu domin a ga inji da mazaunin albarushi; akwai tsofaffin kayan masu nutso da hular tagulla da takalman darma; akwai ƙaramin jirgi mai saukar ungulu samfurin Wasp wanda ke tashi daga bayan jirgin ruwa; akwai kuma ɗakin tuƙin jirgi da aka gina daidai girmansa, inda baƙo zai tsaya ya riƙe sitiyari. Kowane abu da takardar bayaninsa, da shekara, da sunan jirgin da aka ciro shi. Rundunar sojan ruwan Afirka ta Kudu kanta an kafa ta ne a ranar 1 ga Afrilu, 1922, da ƙananan jirage uku kacal, kuma hotunansu suna nan a bango. Ba su ɓoye asararsu ba: akwai bayanin jirgin President Kruger, wanda ya yi karo da wani jirgin rundunar mai suna Tafelberg a ranar 18 ga Fabrairu, 1982, ya nutse da mutum 16.

Wanda ya zagaya da mu wani tsohon sojan ruwa ne da ya yi ritaya, yana aikin sa kai. Da ya ji daga Nijeriya muke, sai ya ce manyan jiragen yaƙinsu guda huɗu da jirgin yaƙinmu na Nijeriya mai suna Aradu 'yan gida ɗaya ne, domin duk ƙirar Jamus ce ta jinsin MEKO. Ya lissafa sunayensu: Amatola, Isandlwana, Spioenkop da Mendi. Ukun farko wuraren yaƙi ne a cikin ƙasar. Na huɗun kuwa sunan wani jirgin fasinja ne, kuma labarinsa ne ya tsayar da ni a wurin fiye da duk ƙarafan da na gani, saboda ya ratsa ta ƙofar gidanmu.

Mendi jirgin kamfanin Elder Dempster ne mai zirga-zirga tsakanin Liverpool da Afirka ta Yamma. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, gwamnatin Birtaniya ta ɗauke shi haya, aka gyara shi a Legas ya zama jirgin dakon soja, kuma aikinsa na farko shi ne kwasar sojojin Nijeriya zuwa Darussalam domin yaƙar Jamusawa a Afirka ta Gabas. Duk wanda ya san tarihin rundunar Nijeriya ta wancan lokaci ya san cewa 'yan arewa ne da yawa daga cikinta, kuma da Hausa hafsoshi ke magana da kurata. Ke nan kakannin wasunmu sun kwana a cikin wannan jirgi, sun zagaya ta wannan gaɓar tekun da nake tsaye. Da ya sauke su sai ya dawo Cape Town, ya ɗauki baƙaƙen leburorin soja na Afirka ta Kudu fiye da 800 waɗanda za a kai Faransa su yi dako da haƙa, domin gwamnatinsu ba ta yarda baƙin mutum ya riƙe bindiga a yaƙin Turawa ba. Ya sake tsayawa a Legas da Saliyo, ya isa Ingila. Da asubahin 21 ga Fabrairu, 1917, cikin hazo, wani babban jirgin kaya mai suna Darro ya yi karo da shi kusa da tsibirin Wight, ya nutse cikin ƙasa da rabin awa. Mutum 646 suka mutu, 607 daga cikinsu baƙaƙen leburorin nan ne, kuma matuƙin Darro bai sauke kwale-kwalen ceto ba. Waɗanda suka tsira suka gama aikinsu a Faransa suka koma gida ba tare da lambar yabon yaƙi ba. Sai bayan faɗuwar mulkin wariya ne ƙasar ta sa wa jirgin yaƙi sunan Mendi, ta ƙirƙiro lambar jarumta da sunansa, ta kuma mayar da 21 ga Fabrairu ranar sojojinta. Ƙararrawar jirgin ma sai a 2018 Firayim Ministar Birtaniya Theresa May ta miƙa ta ga Shugaba Cyril Ramaphosa.

Dattijon ya faɗi wannan duka ba tare da kwana-kwana ba, ko da yake shi farar fata ne kuma ya yi aikinsa ne a zamanin wariya. Na yaba masa a kan haka. Amma idan mutum ya auna faɗin zauren da aka ba makamai da hotunan manyan hafsoshi, ya auna wanda aka ba irin waɗannan mutane, zai gane cewa gyaran tarihin da ake yi a gidan bai daɗe da farawa ba.

Daga nan muka taka zuwa inda aka girke jirgin ƙarƙashin teku mai suna Assegaai, wanda aka ɗago shi daga ruwa aka ɗora a kan tudu a 2024. Shi kam ana biyan kuɗi, kuma rukuni-rukuni ake shiga. Ɗaya ne daga cikin uku da aka ƙera wa ƙasar a Faransa, ya fara aiki a 1971 da sunan Johanna van der Merwe, aka sauya masa suna a 1999, ya yi ritaya a 2003. Tsawonsa bai kai mita 60 ba, amma mutum kimanin hamsin ne ke rayuwa a cikinsa makonni ba su ga rana ba. Hanyar wucewa ta mutum ɗaya ce, ko ina bututu ne da famfo da agogon awo, gadajen kwana kuma suna manne da makaman tofido, kuma ba su kai yawan mutanen ba, saboda haka idan wani ya tashi zuwa aiki sai wani ya kwanta a gurbinsa tun shimfiɗar ba ta huce ba. Kicin ɗin bai fi faɗin tabarmar salla biyu ba. Mai yi mana bayani, wanda ya yi aiki a irin wannan jirgi, ya ce ruwan daɗi na sha ne da girki, wanka kuwa sai an dawo tudu. Ni da nake da jiki sai da na tattare rigata kafin in ratsa ƙofofin, kuma ban yi baƙin cikin fitowa ba.

Yunwa ta kai mu wani shagon soyayyen kifi da dankalin Turawa kusa da bakin ruwa, mai takardar shaidar halal manne a gilashi, abin da za ka gani a shaguna da yawa a yankin Cape. Kifin da suka fi alfahari da shi sunansa sunuk, dogo ne mai ƙaya da gishiri-gishiri. Kwano ɗaya ya kama kimanin rand 120 kuma ya ishi mutum biyu, sai dai babu yaji ko kaɗan, ruwan tsami kawai suke yayyafawa, don haka ƙullin yajin da na taho da shi daga Kano ya yi ranarsa.

Magariba ta yi da wuri, muka hau wani lungu mai tudu zuwa masallacin Noorul Islam, wanda aka gina a 1926. A nan na gamu da abin da ya juya mini kai: alƙiblarsu tana fuskantar arewa ne da ɗan karkata zuwa gabas, kuma da tsakar rana ma rana ta arewa take ratsawa. Mutumin da ya tashi yana cewa "fuskantar gabas" yana nufin salla sai ya ɗan yi jim kafin ya kabbara. Jama'ar Shafi'awa ne, jikokin bayi da fursunonin siyasa da 'yan Holan suka kwaso daga tsibiran Indunusiya da Indiya da gabashin Afirka. Sahu ɗaya ma bai cika ba. Bayan sallama wani dattijo ya riƙe hannuna yana tambayar mutanen Nijeriya, kuma da na yi mamakin ƙarancin jama'a a masallaci mai girma haka, sai ya ce unguwar da ke kewaye da mu duk ta Musulmi ce a da, amma yanzu sai ranar Juma'a ne ake cika, lokacin da mutane ke zuwa daga Ocean View, wata unguwa a bayan dutse. Ya ce in je gidan Amlay da safe zan fahimta.

Washegari muka fara da dandalin Jubilee, inda mutum-mutumin wani ƙaton kare yake tsaye yana kallon teku, masu yawon buɗe ido suna layin ɗaukar hoto da shi. Sunansa Just Nuisance. Ya saba da bin sojojin ruwan Ingila har cikin jirgin ƙasa zuwa Cape Town, hukumar dogo ta yi barazanar kashe shi saboda ba ya biyan kuɗi, sai rundunar ta ɗauke shi aikin soja a hukumance a ranar 25 ga Agusta, 1939, domin soja yana da izinin shiga jirgi kyauta. Aka ba shi muƙami, aka buɗe masa fayil, har da rubuta laifuffukansa na ƙin fita daga mashaya da kwanciya a gadon wani. Ya mutu a ranar 1 ga Afrilu, 1944, aka binne shi a kan dutsen da ke saman gari da cikakkiyar girmamawar soja, har da harba bindigogi. Takardunsa da abin wuyansa suna gidan tarihin gari, wanda ke cikin wani gini na 1777 da aka yi wa gwamna, daga baya ya zama kotu da kurkuku. Labarin yana da ban dariya, kuma na yi dariyar. Sai dai wanda ya ji labarin Mendi jiya ba zai kasa lissafin cewa a garin nan kare ya sami muƙami da jana'izar soja a daidai shekarun da baƙaƙen sojojin ƙasar ke gadin sansanoni da mashi da kulki saboda an hana su bindiga ba.

Gidan Amlay yana 'yan taku kaɗan daga dandalin. Tsohon gida ne na 1858, na wani iyali Musulmi. A ranar 1 ga Satumba, 1967, gwamnatin wariya ta ayyana Simon's Town a matsayin garin farar fata zalla, aka kwashe dubban mutane, masunta da teloli da magina da ma'aikatan tashar jirage, aka zuba su a Ocean View, wata sabuwar unguwa a bayan dutse. Baƙaƙen unguwar Luyolo an riga an kai su Gugulethu tun kafin nan. Iyalin Amlay suna cikin na ƙarshe da aka fitar, a 1975, kuma bayan sauyin mulki wata 'yar gidan ta dawo ta mayar da shi gidan tarihi a 1998. Babu igwa a nan, babu kwandishan, babu akwatunan gilashi masu tsada. Hotunan aure ne da na kammala karatun Alƙur'ani, da kayan amarya, da tukwane, da Alƙur'anai rubutun hannu, da wasu littattafan addini da aka rubuta a harshen Afirkans, ɗaya daga cikin harsunan ƙasar, da haruffan Larabci, wato ajaminsu, wanda ya sa na ji kamar ina zauren wani malami a cikin birnin Kano. Matar da ta zagaya da mu tana nuna hoto tana faɗin sunan titi da gidan da mutumin ya zauna, da inda 'ya'yansa suka watsu. A ganina wanda ya shiga gidan tarihin sojan ruwa ya fita bai zo nan ba, ya ga jiragen ne bai ga waɗanda suka kankare su, suka yi musu fenti, suka ɗinka filafilansu ba.

Sauran bayanin yana tsohuwar maƙabarta da ke Seaforth, a kan hanyar kudu, wadda aka buɗe a 1813. A can akwai kaburburan sojojin ruwan Ingila, da na fursunonin yaƙin Boer, wato yaƙin Ingila da Turawan ƙasar jikokin 'yan Holan, waɗanda aka tsare a garin tun daga 1900, da kuma na mutanen Kuru, ma'aikatan jirgi daga gaɓar Laberiya da Saliyo waɗanda rundunar Ingila ta fara kawowa a 1838 kuma suka yi mata aiki kusan shekara ɗari. Hafsoshin ba su damu da sunayensu na yanka ba, sai suka riƙa laƙaba musu sunayen raha na kayan jirgi da na abinci, kuma da waɗannan sunaye aka rubuta su a rajista, da su aka sassaƙa duwatsun kabarinsu. Wasunsu sun yi aure a garin sun hayayyafa, jikokinsu kuma suna cikin waɗanda aka kora. Duk da haka duwatsun suna nan, an share ciyawa, ana iya karanta sunan jirgi da shekara.

A nan ne tunanina ya koma gida, kuma kwatancin bai yi mini daɗi ba. Dubban 'yan Nijeriya sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wasu kafin nan sun yi na Habasha da Somaliya. Kusan kowane tsohon gari a arewa yana da gidan da ake cewa na wani "mazan jiya" ne. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna jikin barikokinmu, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan da Myohaung a Legas, amma na sha tambayar ɗalibaina ma'anar waɗannan sunaye ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne. Muna da gidan tarihin yaƙi na ƙasa a Umuahia, wanda ya fi mayar da hankali ga yaƙin basasa, muna kuma ajiye furanni kowace ranar 15 ga Janairu. Lambobin yabo da takardun sallama da hotunan waɗannan tsofaffi kuwa suna cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gado, inda gara da rabon gado ke cinye su. Abin da gidan Amlay ya nuna mini shi ne cewa irin wannan aiki bai jira gwamnati ba: mace ɗaya ce ta fara bi gida-gida tana roƙon hotuna.

Daga maƙabartar tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa zuwa Boulders, wurin da ya fi kawo wa garin baƙi. Tsuntsayen fengwin na Afirka ne ke zaune a can tsakanin manyan duwatsu da farin rairayi. Ba sa tashi sama, tsayinsu bai fi gwiwar mutum da kaɗan ba, suna tafiya a tsaye suna rangaji, kukansu kuma sak na jaki. A 1982 aure biyu ne kawai suka sauka a wurin, suka hayayyafa har suka kai dubbai, amma yanzu jinsin gaba ɗaya yana raguwa saboda jiragen kamun kifi sun rage musu sadin da sauran ƙananan kifayen da suke ci, har a 2024 aka sa su cikin halittun da ke dab da ƙarewa. An shimfiɗa gadar katako domin kada a taka sheƙarsu. Kuɗin shiga hawa uku ne: na 'yan ƙasa, na 'yan ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, sai na sauran duniya, kuma koren fasfona ya jefa ni sahu ɗaya da Jamusawa da Amurkawa, na biya sama da rand 200. Wurin yana da kyau da tsabta, da ɗan wari, kuma rabin awa ta ishe ni. Daga gadar ana hango hasumiyar Roman Rock, wadda aka gina a kan wani dutse a tsakiyar ruwa tana haska wa jirage hanya tun 1861.

Da la'asar iska ta ƙaru, kuma da muka isa tasha aka ce jirgi ba zai zo ba, domin rairayi ya rufe dogo tsakanin garin da Fish Hoek, abin da ƙanena ya ce yakan faru. Muka shiga ƙaramar bas ta haya, irin wadda ake miƙa kuɗi daga baya hannu zuwa hannu har ya kai ga direba. Ta cika maƙil da masu tashi daga aiki: mata masu shara a masaukai, da masu wanke-wanke a gidajen abinci, da wasu samari biyu cikin shuɗin kayan ma'aikatan tashar jirage. Matar da ke kusa da ni, da ta ga hulata, ta yi mini sallama, ta ce a wani lungu bayan masallaci aka haifi mahaifiyarta, ita kuma kullum mota biyu take shiga kafin ta zo aiki a garin. A Fish Hoek ita da yawancin fasinjojin suka sauka suka nufi layin motocin Ocean View, mu kuma muka tsallaka tasha muka sami jirgin Cape Town, muka isa gida bayan isha'i.